Kwalli a Bakin Zaren Gilashi

Ni Jaye ban taɓa taka lakol, wato makarantar boko, ba, amma yunwa ta gwada ni ta bari, sojoji sun zo sun same ni, sun tafi sun bar ni. In na ba da labari, a riƙe shi da hannu biyu.

Shekarar da sojoji za su miƙa mulki, ranar Juma'a ana jajibirin zaɓe, aka kira Sufeto Nomau zuwa buro, wato ofishin wani kamfanin waya a Agiye. An sace na'urori biyu lokacin sallar Juma'a, kowace ba ta fi babban yatsa ba. Su ke tura haske cikin zaren gilashi har Maraɗi, kuma ta nan za a aika sakamakon zaɓe.

Ƙofa ba a fasa ta ba.

Alhaji Barmo, mai gidan da kamfanin ke haya, babban dillalin ƙwan zabi, ya riga kowa zuwa, sanye da baƙin tabarau.

"Sufeto, kar ka wahalad da kanka. Ga ɓarauniyar nan, ita ke da makulli. Kai ta kaso!"

Rukaiya, ma'aikaciyar da ke kula da na'urorin, ta miƙe tsaye.

"Alhaji, girmanka nake gani. In ɗauri ne a ɗaure ni, amma ban ɗauka ba."

Sufeto ya ɗaga zaren da aka zare daga na'urar. A bakinsa, kan farar roba, akwai shacin baƙi.

"Kwalli!" in ji Alhaji. "Wa ke sa kwalli in ba mace ba?"

"Wayyo," in ji Rukaiya. "Wanda ya yi wannan ya cuci kansa. Na'urar Maraɗi ba ta daina turo haske ba. Ba a ganinsa, amma irin mai tafiya nesa ne, yana ƙona ido. Ni ko da wasa ba na leƙa shi."

Sufeto ya ajiye zaren. Ya fita wajen Idi mai gadi.

"Ina kake lokacin sallah?"

"Nan nike, ranka ya daɗe. Ko ƙuda bai shiga ba."

"To wa ya ba ka ƙwan da ke ƙarƙashin bencinka?"

Idi ya dubi ƙasa. "Alhaji. Ya ce in tai masallaci, shi zai tsare mini ƙofa."

Aka bugo waya daga sama, wai a kulle yarinyar a huta, sakamako kuma a ɗauke shi a mota. Sufeto ya ce, "Ban gama ba," ya kashe wayar. Irin mazan da nake so ke nan, irina.

Da la'asar ya sami Alhaji a rumfarsa ta kasuwa, tsakanin ƙoren ƙwai.

"Alhaji, ina ka yi Juma'a?"

"Sahun farko, kamar kullum."

"Madalla. Tabarau fa?"

"Ƙaiƙayi ya faɗa mini a ido."

"Allah ya sawwaƙe. Uwargida ta aiko ni sayen ƙwai, ni kuwa kullum ruɓaɓɓe ake haɗa ni da shi. Duba mini wannan."

Duk wanda ya san dillalin ƙwai ya san abin da zai biyo baya. Hannu ya riga tunani. Alhaji ya ture tabarau, ya naɗe ƙwan a tafinsa, ya ɗaga shi saitin rana, ya kai idon dama. Sai ya tsaya. Ya mayar da shi idon hagu.

Idon daman ya yi ja, hawaye ya wanke kwallin Juma'a har kumatu.

"Tun kana yaro da dama kake duba ƙwai, duk Agiye ta sani," in ji Sufeto. "An ce maka haske na tafiya cikin zare, kai kuwa ba ka yarda da abu sai ka leƙa. Ina suke?"

Wani jandarma da ya rako Sufeto ya zazzage ƙwaryar da ke bayan Alhaji. Ga na'urorin cikin ƙaiƙayi.

Alhaji bai sunkuyar da kai ba.

"Ni na ɗauka! Gidana ne, ina da makullina. Da a mota aka ɗauki sakamako, da mun tare shi a Cadawa, kan hanyar Maraɗi, ɗan takarata ya ci. Kun kawo abin da ba a iya tsayar da shi a hanya a gaisa!"

"Shi ya sa aka kawo shi," in ji Sufeto. Ya sa masa ankwa.

Aka bi da shi ta tsakiyar kasuwa, yana tafe yana karkata kai don ya ga hanya. Rukaiya ta mayar da na'urorin kafin magariba, fitilarsu ta kama kore.

Washegari na kaɗa ƙuri'ata da wannan yatsa. Ta isa Maraɗi kafin in isa gida, kuma ba wanda ya tare ta a Cadawa.