Fam Ɗin da Raliya ta Cike

A shekarar 2003, lokacin da wayoyin hannu ba su wuce uku ba a duk unguwarsu a Bunkure, Suhaibu ya fara ganin Raliya a bakin kanal ɗin ban-ruwa. Yana durƙushe yana murza ƙasa a tafin hannu, ita kuma za ta kai wa mahaifinta, Malam Dattijo, abinci gonar tumatir.

"Malam, zinariya kake nema?"

"So nake in san abin da ya sa nan wajen ya yi fari kamar an barbaɗa kanwa."

Ta yi dariya ta wuce. Dariyar nan ce ta kai shi zance ƙofar gidansu.

Da magana ta isa kunnen Malam Dattijo, cewa ya yi, "Shekara arba'in ina cikin taɓo. 'Yata likita za ta aura, irin Lukmanu ɗan ƙanwata."

Shi ya sa da Suhaibu ya sayo fam ɗin JAMB, ya miƙa wa Raliya tare da fensir, don ta fi shi tsaftar rubutu. "Ki sa min likitanci, Ralina, ki kai wa malaminmu."

Da sunaye suka fito, kwas ɗin aikin gona aka ba shi. Ya ɗauka makinsa ne ya gaza, sai ga saƙon Raliya ta wayar yayansa:

"Masoyina, ni na canza. Na ga yadda ka kau da kai ranar da aka yanka ragon layya, na kuma san yadda kake kallon ƙasa. Ka yafe min."

Wata biyu bai taka layinsu ba. Amana ya ba ta, ta karya. Amma ƙaryar da ya shirya yi wa kansa har ƙarshen rayuwa, ita ta tare masa. Ya auna, ya sake aunawa, ya rasa wanne ya fi nauyi. Abin da ya fi ci masa rai, da hannunta ta rufe ƙofa ɗaya tilo da mahaifinta ya bar musu.

Ranar da zai tafi jami'a ya aika mata:

"Ban huce ba. Amma ki jira ni."

Ta jira. Lukmanu ya yi sintiri har ya gaji.

A rani na uku farin nan mai kama da kanwa ya cinye rabin gonar Malam Dattijo. Ya ƙara ruwa, tumatir ya ƙara ƙonewa. Suhaibu ya zo hutu, ya durƙusa a gabansa.

"Baba, ruwan ne ba shi da mafita, shi ke taso da gishiri. A ba ni izini in haƙa magudana."

"Yaro zai koya min noma?" in ji dattijon. Amma ya miƙa masa shebur.

Da rani ya zagayo, gonar ta yi kore shar. Malam Dattijo ya daɗe tsaye a kan kunya kafin ya ce, "Ka turo magabatanka. Ashe ƙasa ma tana ciwo."

An ɗaura aure a 2008, aka yi ta sa albarka, Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya tagari. Har yau fensirin yana cikin akwatin Raliya. Wani lokaci Suhaibu yakan dube ta ya ce, "Kin san har yanzu ban yanke hukunci a kan laifinki ba?"

"To alƙali," takan ce, "ci tuwonka kafin ya huce."