Tukunyar da Ta Fashe a Gidan Musonda

Ƙarfe huɗu da rabi na yammacin Asabar aka bugo wa Sifeto Mubita waya cewa an yi sata a wani gida a unguwar Chilenje, kuma in bai hanzarta ba matan unguwa za su ji wa ɓarauniyar ciwo.

Ya tarar da layin cike maƙil. A ƙofar gidan marigayi Musonda wata mata ce zaune dirshan a ƙasa, an yage mata rigar girki, kwalayenta a watse. Matan zumuntar coci sun yi mata zobe, kowacce na tofa albarkacin bakinta. Waɗanda ba su ma san me aka sace ba su suka fi kowa ɗaga murya, don haka mutanen layin nan suke tun fil azal.

"Ya isa haka!" in ji Sifeto. "Wace ce matar gidan?"

Wata siririyar mata cikin baƙaƙen kaya ta matso. Chileshe ke nan, wata takwas da rasuwar mijinta.

"Takardar mallakar gidan nan ce, Yallaɓai. A akwati take, ƙarƙashin gadona. Na shiga ɗauko biro na ga akwatin a buɗe."

"Ga ambulan ɗin takardar nan, a kwalin wannan munafukar muka same shi, babu komai a ciki," wata dattijuwa ta sa baki. Ta ce sunanta Chibesa, yayar marigayi, kowa Gwaggo yake ce mata. "Ni na ce a zazzage kayanta. Ita kaɗai ce bare a cikinmu, kuma ta shiga ɗakin wai sauya riga."

Wadda ake zargin ita ce Maman Nchimunya, mai sayar da tukwanen dutse gida-gida. Yadda take yi shi ne, matar gida ta tara ƙawayenta, ita kuma mai tukwane ta gasa kaza da burodi a gabansu, a ci a lashe hannu, wadda ta yaba ta saya.

"Kin shiga ɗakin?" Sifeto ya tambaye ta.

"Na shiga. Matar gidan ce ta nuna mini."

Babu yadda zai yi. Da ya bar ta a nan da sun yi mata rotse. Ya sa Saja Daka ta riƙe hannunta zuwa mota. Mai tukwane ta sa ƙafa ɗaya a ciki, sai ta juyo.

"Yallaɓai, ni ba ni da shago. Ƙofar mutane ce shagona. In aka ce ni ɓarauniya ce, wa zai sake buɗe mini?"

Ya jira ta shiga, ya rufe ƙofar motar. Maganar ta tsaya masa a rai.

Bayan an kore taron ya shiga gidan. Falon na ta ƙamshin kaza, faranti da ƙasusuwa ko'ina. A kicin oben bai gama hucewa ba. Ya leƙa ƙofar baya, ya ga buhun gawayi an ɗaure bakinsa tam, alhali mai girki ba ta ɗaure buhun da take ɗiba kullum.

Ya kwance. Wata baƙar tukunya ce a ciki, ta rabe gida biyu cif. Toka ta manne a maiƙon da ke ƙasanta, ruwa ya jiƙa ta, ga wani ɗan guntun jan hatimi a gefe, bai kai farce ba.

Chileshe na ganinsa ta zame ta zauna a ƙasa. "An ƙona ta," ta ce. "Wayyo Allah, 'ya'yana!"

"Wa zai ci riba in takardar nan ta salwanta?"

Ta kalli ƙofar falo, inda Gwaggo Chibesa ke tattara faranti, sannan ta sunkuyar da kai.

"Babu kowa, Yallaɓai."

Ƙarya take yi, ya sani. Ya kuma san irin ƙaryar, ta macen da har yanzu take tsoron dangin miji.

Da safiyar Lahadi ya sa aka fito da Maman Nchimunya daga bayan kanta. Idanunta sun kumbura. Ta karanta sunan da ke ƙirjinsa, ta girgiza kai.

"Mubita? Ashe ɗan Lozi ne ya kama ni. Shi ya sa. Ku me kuka sani ban da kifi da kwale-kwale?"

"Ke kuma 'yar Tonga, wa ya ce ki bar kiwon shanu ki shiga gidajen mutane?"

Ƙabilun Lozi da Tonga abokan wasa ne, ko a gidan makoki ba sa raga wa juna. Amma yau wasan bai yi armashi ba. Ya ɗora ɓarin tukunyar biyu a tebur.

Matar da ba ta yi kuka ba lokacin da ake jan ta a ƙasa, sai ga ta ta fashe da kuka a kan tukunya.

"Shekara goma sha ɗaya ina girki da ita! Fara ce sol da na saye ta, mai ne ya baƙanta ta a hankali, har ko ƙwai ba ya kama ta. Wane mara imani ne ya zuba mata ruwan sanyi?"

"Yaya aka yi kika san ruwan sanyi ne?"

"Dubi yadda ta rabe, a miƙe. In faɗuwa ta yi, tarwatsewa za ta yi. Dutse mai zafi ba ya shiri da ruwan sanyi, Yallaɓai."

"Wataƙila ke kika yi, cikin sauri."

"Ni? Gara in sa hannuna a wuta. Ai ko waɗanda suka zo jiya ba mai yin haka, don sai da na sa su rantsuwa."

"Wace irin rantsuwa?"

Ta share hawaye ta bayyana masa. Tun da wata mata ta fasa tukunya a ranar da ta saya ta zo tana zaginta, ta ɗauki wata al'ada. Da zarar kaza ta fito daga oben, kafin kowa ya ɗanɗana, sai kowacce ta miƙe ta dafa ƙirji, su maimaita sau uku da tafi: "Ba sabulu, ba bakin wuta, ba ruwan sanyi sai ta huce!" Wadda ba ta faɗa ba ba ta cin kaza. Daga nan sai ta juye naman a faranti, ta mayar da tukunyar kicin da zafinta.

"Kowa ya miƙe jiya?"

"Mun kai ashirin a falon, wasu har a bakin ƙofa. Ban ƙirga ba."

Sifeto ya daɗe yana kallon tokar. Wadda ta ƙona takardar ta nemi wanke shaida da sauri, sai ta tara tukunyar a famfo. Duk wadda ta yi haka ba ta ji rantsuwar ba. To ina take lokacin da ake yi?

Bayan an taso daga coci ya ƙwanƙwasa ƙofar Tisa Zulu, maƙwabciyar da aka ce ta fi kowa zirga-zirga a ranar.

"Ni ko motsi ban yi ba, ranka ya daɗe," in ji ta. "Tun da na zauna ban tashi ba."

"Mata uku sun ga fitarki da jaka."

"Sharri ne! Maman Bupe ce ko? Tun rikicin igiyar shanya take neman hanya."

"Me mai tukwane ta sa kuka faɗa kafin a ci?"

Tisa ba ta ma yi tunani ba. Ta dafa ƙirji ta rero shi tsaf, har da tafin, har da kaɗa kai.

"To yanzu faɗa mini abin da ya fitar da ke, ko mu ƙarasa maganar a caji ofis."

Ta yi tsuru-tsuru. "Cinya biyu ce kawai, Yallaɓai. Na naɗe wa maigida a leda, na zagaya na miƙa ta kan katanga. Kada ka bari matan zumunta su ji, don Allah."

"Kin ga wani a bayan gidan?"

"Ban gani ba. Amma na ji famfon kicin na zuba, sai wani abu ya ce ƙas! Na ɗauka kwanon rufi ne yake ƙara don rana."

"Mai tukwane fa, tana ina?"

"A falo mana. Muryarta ai ko kurma ya ji, tana ta yabon burodinta."

Wannan shaidar ta isa ya saki Maman Nchimunya a ranar, ya kuma sake ta. Amma ta ƙi barin benci.

"In tafi ina? Gidaje uku sun riga sun aiko wa 'yata cewa an fasa taro. Ɗaya ma ƙanwar mijina ce. Sakina a ɓoye ba zai wanke ni ba, ɗan Lozi."

Gaskiyarta ce. A gaban jama'a ya sa ta a mota, kuma abin na cin sa.

Ranar Litinin da la'asar ya sa aka tara duk matan da suka zo ranar Asabar a falon Chileshe. Ya bar ƙofa da tagogi a buɗe, 'yan kallo suka yi cincirindo. Da Maman Nchimunya ta shigo, wasu suka ja jakunkunansu jikinsu. Ta gani, ta yi kamar ba ta gani ba.

"Tambaya ɗaya gare ni," in ji Sifeto. "Lokacin da aka fito da kaza daga oben, akwai wadda ba ta cikin falon nan?"

Aka shiga kallon-kallo.

"Maman Bupe?"

"Ina nan, Yallaɓai."

"Gwaggo?"

"Ga kujerata can, ɗana. Da tsufana ina za ni?"

"Madalla. Kada kowa ya ce uffan. Gwaggo, ke ce babba, ke za ki fara. Me mai tukwane ta sa kuka rantse a kai?"

Dattijuwar ta gyara zani. Ta kalli wannan, ta kalli waccan, ba wadda ta taimake ta.

"To... cewa za mu saya mana. Me kuma ɗan kasuwa ke so?"

Wata ta kama baki. Sifeto ya yi wa Maman Nchimunya alama. Ta ɗaga hannu kawai, sai falon ya ɗauka baki ɗaya, mata goma sha tara, har da Chileshe: "Ba sabulu, ba bakin wuta, ba ruwan sanyi sai ta huce!" Tafi uku, raf raf raf.

Gwaggo Chibesa na zaune a tsakiyarsu, leɓɓanta na motsi a banza.

"Mantuwa ce ta tsufa," ta ce.

"Wataƙila," in ji Sifeto, idonsa na kan hannun da take ta ɓoyewa tun shigowarta. "Ɗaga hannun rigarki na dama."

"Talgen tuwo ne ya fallatso mini."

Saja Daka ta ɗaga a hankali. Ƙunar ba ɗigo-ɗigo ba ce irin ta talge. Jan shafi ne tun daga wuyan hannu har kusa da gwiwa, irin wanda tururi ke yi in ya taso gaba ɗaya.

"Kina ɗakin kwana lokacin da suke rantsuwa," in ji Sifeto. "Da suka dukufa kan kaza kika shiga kicin. Kin san ƙamshin gashi zai ɓoye warin hayaƙi. Kika ƙona takardar a tukunya, kika tara ta a famfo, ta fashe a hannunki. Ambulan kuma kika cusa a kwalin matar da ba ta taɓa yi miki komai ba."

Gwaggo ta sauke hannun rigarta ta rufe ƙunar. Sannan ta ɗago, babu ko ɗigon hawaye.

"Ni na yi. Ni na goyi Musonda da uwarmu ta mutu. Ni na sayar da tumatir a rana har ya gama makaranta. Tubalin gidan nan da kaina na ɗauko. Yau ya mutu, wai doka ta ce gida na mata da 'ya'ya ne, ni kuma in ci gaba da zama a ɗaki ɗaya mai yoyo? Na ce in babu takarda, dangi za su zauna a raba yadda iyayenmu suke yi."

"Gwaggo," in ji Chileshe, "ɗakin baya na ce ki dawo ciki tun ranar da aka share makoki."

"A ba ni aro a gidan ƙanena?"

Sifeto ya ce wa Chileshe da rahoton 'yan sanda za a sake ba ta wata takardar, ko da za a sha zirga-zirga. Ba ta ko kalle shi ba. Kuka take yi, kuma ba na takarda ba ne.

"Ni fa, Gwaggo?" Maman Nchimunya ce ta matso. "Cinya na zaɓar miki da hannuna, don na ga ke ce babba. Me na yi miki?"

Dattijuwar ta kalle ta sama da ƙasa, kallon wadda yanzu ta fara ganinta.

"Ba ki yi komai ba. Ke ce dai ba ki da kowa a nan."

Maganar ta fi mari ciwo, don duk matan da ke falon sun san da su ake. Ba wadda ta iya ɗaga kai.

Saja Daka ta ciro ankwa. Sifeto ya kalli ƙunar hannun, ya ce ta mayar. Suka sa Gwaggo a tsakiya suka fita, jama'a na darewa, ba mai jifa, ba mai zagi, don ita 'yar gida ce.

Maman Nchimunya ta tsaya a bakin ƙofa tana ɗaure kwalayenta. Tisa Zulu ta raɓo tana murza hannu.

"Yaya, dama... Asabar mai zuwa, in kina da sarari, falona ya fi wannan faɗi."

Mai tukwane ta ja igiyar ta ƙulle, ba ta ɗago ba.

"Ke kika fara yage mini riga," ta ce. "Ƙarfe biyu zan zo. Ki tanadi kaza uku, kuma a tsakar gida zan sauya kaya."