Ƙari a Hammatar Riga

Auta na zaune gaban keken ɗinkinta ta zabga tagumi, Mama ta leƙo daga ɗaki.

"Wai har yau kukan wannan mai kisan kan kike? Wata bakwai fa! Shi da bakinsa ya amsa laifi, ke ce za ki wanke shi?"

Dogo direba ne, shi Auta za ta aura. Saura sati uku biki aka sace mai kantin maganin layinsu, aka tsinci gawarsa a wani kango. Ba wanda ya ga komai, sai wata riga mai ratsin kore da aka samu a wurin, duk jini. Irinta biyu Auta ta ɗinka, ɗaya ta Dogo, ɗaya ta yayanta. Yaya ya fito da riga fes ya nuna wa 'yan sanda. Auta ta rantse ta Dogo na wurinta, ya kawo a sa maɓalli, amma ta birkice ɗaki kaf ba ta gan ta ba. Aka kama Dogo. Kwana biyar a hannun 'yan sanda, ya sa hannu a takarda cewa shi ne.

"Me ya sa ka amsa?" ta tambaye shi da ta je ziyara gidan yari.

"Cewa suka yi in ban sa hannu ba, ke za su kamo."

Ranar da lauyan Dogo ya kira ta kotu, aka miƙa mata rigar jinin. Halin tela, sai ta juya cikinta waje. Innalillahi! Da tana yanka ta Yaya yadi ya gaza mata, ta yi ƙari da ƙyalle a hammata, ga shi nan ɓaro-ɓaro. Jiri ya kwashe ta, alƙali ya ɗage zama zuwa washegari.

Da ta koma gida, ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya a kan Mama.

"Mama, ina rigar Dogo da na rataye a bayan ƙofa?"

Mama ta yi tsuru-tsuru, sai ta fashe da kuka. "Ni na ba yayanki. Ɗana ne, Auta! Miji kya samu wani, ɗan'uwa fa?"

"Shi Dogo daga sama ya faɗo? Wata bakwai kina kallona ina zubar da hawaye, kina ce masa mai kisan kai!"

"Idan kika buɗe baki, ba ni ba ke!"

Kai, uwa fa uwa ce, ranar Auta ta yi kuka kamar ranta zai fita. Washegari dai ta tsaya gaban alƙali, ta nuna ƙarin. Aka ɗauko rigar da Yaya ya nuna, aka juya, babu ƙari. Da bincike ya yi zurfi, abokan Yaya suka tona sauran.

Dogo ya fito duk ya rame, aka yi aurensu ba hayaniya. Haƙuri ya yi rana, kuma darasin a fili yake: ba duk wanda ya ce "ni ne" ba ne ya aikata, son ɗa kuma ba hujjar zaluntar ɗan wani ba ne.

Har yau duk sati Auta na zuwa gaida Mama. Takan durƙusa a bakin ƙofa ta ce, "Ina kwana, Mama." Mama kan juya fuska bango.