Turken da Aka Matsar

Ta gama daidaita na'urar awonta ke nan a bakin kwazazzabon bayan makaranta, kumfar da ke nuna daidaito ta tsaya cif a tsakiya, sai wani dogon malami mai alli a hannun riga ya zo ya dafa ƙafar na'urar yana tambayar ko hoto take ɗauka.

Auta ba mai magana ba ce, amma ranar sai da ta ce masa ko makaho ya san ba a jingina da abin da ba a sani ba. Ya ba da haƙuri. Don ya wanke laifinsa ya riƙe mata sandar awo har rana ta karkata. Ta sa masa Sarkin Tuntuɓe, shi kuma yana ce mata 'Yar Awo.

Digiri na biyu take nema a fannin awon ƙasa da taswira, albashinta kuwa ko kuɗin rajista bai kai ba. Gurbin tallafin karatu ɗaya ne, kuma kwamiti na son ganin aikin hannun mai nema. Shi ya sa take auna yadda kwazazzabon ke cin ƙasa, kafin damina da bayanta, duk daga wani turken siminti da ta kafa a gefen hanya.

Da soyayya ta ƙullu tsakaninsu, malamin ya je gaishe da Baba, ko tabarma ba a ba shi ba. Baba ya ce ya ga yadda aure ya haɗiye karatun yayarta, ba za a sare shi sau biyu a rami ɗaya ba. In ma dole ne, ai ga mai tabarau na ofishinsu, wanda ya san darajar aikin. Mai tabarau kuwa shi ma gurbin yake nema.

Bayan damina ta sake awo, lissafi ya ce kwazazzabon ya dawo da ƙasar da ya ci. Ta koma wurin turken, ta tarar da sabon siminti a gindinsa. Ta wuce ofis, a gaban kowa ta kira mai tabarau mugu, mai baƙin ciki, ta ce shi ya taɓa mata turke. Yana cikin rantsuwa saƙo ya shigo wayarta.

"'Yar Awo, na manta ban gaya miki ba. Motocin yashi sun kusa take turkenki, sai na tone shi na matsar da shi gefe kaɗan, na sa masa siminti mai kyau. Ba sai kin gode ba."

Ta ba mai tabarau haƙuri kanta a sunkuye, sannan ta rubuta:

"Turken nan inda yake shi ne amfaninsa. Da mota ta take shi, da na gani na gyara. Ka kashe mini aikin shekara, kana jiran godiya. Kada ka sake kirana."

Baba ya ce ai ya faɗa. Wannan ya fi komai ƙona mata rai.

Mafita ɗaya ce: ta jawo awo daga tsohon turken hukuma da ke gindin gada, zango-zango, har ta gano ainihin inda nata turken yake a da, kafin a rufe karɓar takardu. Aikin mutum biyu ne, kuma a ofis babu mai ko kallonta. Da ta isa gada da safe, ta tarar da malamin tsaye da sanda.

"Ban yafe ba," ta ce.

"Ban zo neman yafiya ba. Ina zan tsaya?"

Kwana da kwanaki ba ta ce masa komai sai dama, hagu, miƙe sandar. Rana ta gasa shi, ƙaya ta yaga masa wando, bai saki sandar ba. Baba ya biyo su da niyyar korarsa, ya tarar da 'yarsa na daka wa ƙato tsawa, ƙaton na cewa to. Ya koma inuwa ya zauna.

Da aka kira ta gaban kwamiti, wata farfesa ta tambayi dalilin turke biyu a taswirarta. Auta ta faɗi gaskiya, ta nuna yadda ta ceto awon. Farfesar ta daɗe tana duba lissafin.

Ranar da sakamako ya fito, saƙonta gajere ne:

"Sarkin Tuntuɓe, na samu. Har yanzu ina jin haushinka. Baba na nemanka, ka sa wando mai lafiya."

Wannan karon an shimfiɗa tabarma. An ɗaura aure ana saura mako ta fara karatu. Da za su tafi, Baba ya riƙe hannun angon ya ƙi saki.

"Abin da ta kafa, ka bar shi inda ta kafa shi, ko da alheri kake nufi. Allah Ya yi muku albarka."

"Amin, Baba," ya ce, ya miƙa hannu zai ɗaukar mata akwatin na'ura. Sai ya tsaya, ya dube ta tukuna.

Ta harare shi, sannan ta gyaɗa kai.