Hatimin Ƙarshe na Jirgin Cormorán

Ranar da aka buɗe wa jama'a jirgin ruwan yaƙi mai suna Cormorán a tashar jiragen ruwa ta Valparaíso, Amparo ta tsaya a gindinsa baki buɗe. Tun tana ƙarama take hango shi daga tagar gidansu a kan tudu, ɗan mitsitsi, ashe ya fi cocin unguwarsu tsayi. Sai da wani sojan ruwa ya ce mata, "Hau mana, 'yammata, ba ya cizo," sannan ta tuna da aikenta.

Babanta, Don Evaristo, ya tsufa yana tara ambulan masu hatimin wannan jirgi, don akwai ɗan gidan waya a cikinsa. Yau ciwon ƙafa ya hana shi saukowa, sai ya aiko ta da ambulan na bikin cikar jirgin shekara arba'in, wanda ya zana wa hoton jirgin da hannunsa. Har da gargaɗi: hatimi ya taɓa gefen kan sarki kawai, kwanan wata ya fito tas.

Mai buga hatimin saurayi ne, Baltasar. Ya ɗaga hatimi, ya ɗago kai, suka haɗa ido. Hannu ya sauka inda ya ga dama, tawada ta yi dama-dama.

"Na shiga uku!" in ji Amparo. "Ka san ko na waye?"

"Na san zanen. Tun zuwana nake buga wa Don Evaristo, ban taɓa kuskure ba."

"To yau me ya same ka?"

"Ke kika fi kowa sani."

Ta so ta yi fushi, dariya ta ƙwace mata. Kafin ta sauka daga jirgin, lambarta na cikin wayarsa.

Da yamma saƙo ya shigo: "Amparito, ki ba Baba haƙuri. Ni dai ban yi nadama ba, amma kada ki gaya masa wannan."

Ta amsa: "Balta mai rawar hannu, gara ka fara neman wurin ɓuya."

Ba ta yi ƙarya ba. Don Evaristo ya duba ambulan da gilashinsa na ƙara girma, ya ture shayinsa gefe. Da ya ji kuma mai laifin ne ke rako 'yarsa har ƙofar gida, sai abin ya zama biyu.

"Wanda ya kasa riƙe hatimi ne zai riƙe mini ke? Muddin ina numfashi, a'a."

"Baba, sau ɗaya ne fa."

"Ambulan ma ɗaya ne!"

Kada ku ga laifin tsoho da yawa. Tun rasuwar matarsa abu biyu suka rage masa, akwatunan ambulansa da Amparo, kuma bai iya rabuwa da ko ɗaya ba. Shi ya sa ya fi son Renato, dillalin kan sarki na ƙasan layi, wanda ko ya aure ta ba za ta yi nisa ba.

Jirgi ya tafi kudu, wayar Baltasar ta yi shiru mako da makonni. Renato ya samu ƙofa. "Sojan ruwa ai kowace tasha da tasa," ya ce mata yana murmushi. Maganar ta yi mata ciwo, ta rubuta wa Baltasar: "In ka samu wata a can, faɗa mini kawai."

Amsa ta zo ranar da suka isa Punta Arenas: "Masoyiyata, inda muka je ko tsuntsu ba ya samun sabis. Ƙanƙara na gani, tsaunuka guda-guda suna yawo a kan ruwa, duk wanda ya wuce sai in ce da ma Amparito na nan. Amma akwai labari mai nauyi. Za a yi wa jirgin ritaya. Ki kawo Baba ranar ƙarshe, ko a goye ne."

A al'adar sojojin ruwa, ranar da jirgi ya ajiye aiki ana buga hatimi sau ɗaya na ƙarshe, sannan a goge fuskarsa da magagari don kada kowa ya ƙara amfani da shi. Da ranar ta zo, jirgin ya dawo Valparaíso, sojoji biyu ne suka hau da Don Evaristo cikinsa a kan kujera. Ma'aikatan jirgin sun jeru cikin fararen kaya, an sauke tuta a hankali, tsit kake ji sai kukan tsuntsayen teku. 

Kyaftin ya ce, "Baltasar ya roƙe ni wata alfarma. Bugun ƙarshe haƙƙinsa ne, amma ya bar wa wanda ya fi mu duka daɗewa da wannan jirgi."

Baltasar ya durƙusa ya miƙa hatimin. "Baba, ga shi."

Tsoho bai taɓa riƙe shi ba a rayuwarsa. Ya ji ɗumin icen, ya ga inda yatsun mutane suka cinye shi. Idonsa ya cika da ƙwalla. Ya buga a kan ambulan, hatimi ya zame.

Ya daɗe yana kallon tawadar. Can ya ɗago ya dubi Baltasar, ya dubi 'yarsa.

"Ashe haka abin yake," ya ce a hankali. "Yaro, ka zo shan shayi ranar Lahadi. Ka zo da iyayenka."

An ɗaura auren a cocin unguwa cikin watan Janairu, rana tas, abokan ango sun ɗaga takubba ma'aurata suka bi ta ƙarƙashi. A bakin ƙofa Don Evaristo ya riƙe hannun Amparo ya ƙi saki, har mutane suka fara dariya. Daga ƙarshe ya ɗora shi a kan na Baltasar.

"Duk abin da na so a duniya, a akwati na kulle shi," ya ce. "Wannan kaɗai na bari ta fita daga gidana. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya. Ku tafi mana, kafin in canza ra'ayi."