Takalman Matiyu

Shekara uku bayan ƙuri'ar raba gardamar da ta tantance ƙasar da yankin zai bi, ran wata Litinin da hantsi, aka kawo rahoto caji ofis na Mubi cewa an tsinci gawa a gindin dutsen Duvu. Mamacin Matiyu ne, lebura a injin niƙan Alhaji Garbai da ke bayan kasuwa.

Kafin Sufeto Kwaji ya isa, gari ya riga ya yanke hukunci. Wai burkutu ya sha jiya Lahadi, ya hau dutse zai tafi gida, santsi ya kwashe shi. Mutane ba su da wuyar ɓata sunan wanda ba zai tashi ya kare kansa ba.

Sufeto ya durƙusa ya duba. Akwai rauni a ƙeya, hannun dama ya karye, hannun rigar ya yage har kafaɗa. Amma duwatsun wurin babu jini ko ɗigo.

Matar mamacin, Miriyamu, tana zaune gefe da goyo a baya. Ba ta kuka. Ta ce mijinta bai taɓa kai giya bakinsa ba, kuma wata biyu ke nan bai ga ƙofar coci ba, domin Alhaji ya hana shi hutun Lahadi. Sai ta nuna ƙafafun gawar.

"Baba, kai ma ɗan dutse ne. Wa ke hawan dutse da takalmi?"

Kwaji ya dubi takalman tayan da ke ɗaure tsaf a ƙafafun Matiyu, kunya ta kama shi. Shi haifaffen duwatsun Michika ne, amma shekara ashirin cikin takalmin gwamnati ta mantar da shi. Mutumin dutse in ya zo gindin hawa, cire takalmi yake yi ya rataya a wuya, don yatsunsa su kama dutse.

Ya kwance igiyar ɗaya. Tafin ƙafar fari fat da gari, har tsakanin yatsu.

Daga nan injin niƙa ya nufa. Alhaji Garbai, ɗan kasuwa ne mutumin Borno, ya tarbe shi da tabarma da goro. Ya ce tun Asabar da yamma rabonsa da Matiyu, kuma injinsa ba ya aiki ran Lahadi. Ya ƙara da cewa yaron kirki ne, sai dai abin nan da suke sha.

Sufeto bai karɓi goron ba. Zai shiga ɗakin inji, sai ya ga takalma jere a bakin ƙofa. Alhaji ya ce ai dokarsa ce, ba mai taka wurin garin mutane da takalmi.

A ciki, bel ɗin da ke juya inji na rufe da ragar ƙarfe, kamar yadda doka ta ce. Kwaji ya shafa ragar, babu ƙurar gari a jikinta, alhali har rufin ɗakin ya yi fari. Notinan da suka riƙe ta sababbi ne. A jikin bango kuwa ga shatar inda ta daɗe a jingine.

Ya kira ɗaya leburan, Bakari, dattijo mai furfura, ya fita da shi gindin dalbejiya. Bakari ya rantse jiya yana gida, idonsa a ƙasa.

"'Ya'yanka nawa, Malam Bakari?"

"Shida, ranka ya daɗe."

"Tsoron kora kake yi, na sani. To saurara. Wanda ya ɗauki mutum aiki, wajibi ne ya rufe masa inji, ya ba shi ranar hutu. In haɗari ya faru ya kai shi asibiti, ya sanar da ofishin leba, iyalinsa su sami haƙƙinsu. In aka rubuta maye ya kashe Matiyu, matarsa ba ta da komai sai abin gori. Gobe kuma kai za ka tsaya gaban bel ɗin nan."

Bakari ya ɗago kai. Sannan ya ce tun damina Alhaji ya sa aka cire ragar, wai tana ɓata lokaci in bel ya zame. Jiya da safe suna niƙan dawar wani biki, Matiyu yana layi don gajiya, bel ya kama hannun rigarsa ya maka shi da bango. Alhaji ya sa shi a mota, ya ce asibiti zai kai shi.

Da aka maimaita wannan a gaban Alhaji Garbai, ya fara da cewa tsohon ya ruɗe. Sufeto ya ajiye takalman Matiyu a kan tabarma.

"Wa ya sa masa waɗannan?"

Alhaji ya zauna daɓas. Ya ce wallahi asibitin ya nufa, amma da ya kai mararraba ya waiga, babu numfashi. Tsoro ya kama shi, kada a rufe injin. Ya san mutanen Duvu duk suna coci a lokacin, sai ya juya kan mota, ya biya ta injin, sannan ya nufi gindin dutsen.

"Takalman na gani a bakin ƙofa na ɗauko. Na ce mai tafiya gida ai ba zai tafi ba takalmi ba." Ya dubi tafin hannunsa. "Ni na ɗaura masa igiyar da hannuna."

Shekara goma sha biyu Alhaji yana aiki da mutanen dutse, bai taɓa ɗaga kai ya ga yadda suke komawa gida ba.

Aka sa masa ankwa, kofur ya wuce da shi ta tsakiyar kasuwa. Sufeto ya garƙame injin, ya rubuta wa jami'in leba takarda da sunan Miriyamu da 'ya'yanta uku.

Da la'asar ya koma Duvu da kansa. Ya gaya mata abin da aka rubuta a fayil: haɗari a wurin aiki. Ta sa ya sake faɗa da ƙarfi a gaban dattawan unguwa, ya faɗa.

Sai a lokacin ta yi kuka. Ta karɓi takalman ta rataya a wuya, ta gyara goyonta, ta kama hawan dutse.