Yajin Mujahida

"Ki janye, Nuf. Don Allah ki ce musu ba kya so!"

Nuf ta cire wayar daga kunnenta ta dubi sunan da ke jiki, ko wani ne ya kira ta da lambarsa. Muhannad ne dai. Muhannad ɗinta, wanda aka sa musu rana bayan aikin hajjin bana.

"Ko mabruk ba za ka ce min ba, ka taya ni murna?"

"Habibti, wane mabruk? Gidanmu ya kama da wuta!"

Ta zauna a bakin gado, ta miƙe, ta sake zama. Ɗazun nan saƙo ya shigo cewa rubutunta na digiri na biyu ya zo na ɗaya a gasar da wata ƙungiyar lauyoyi ke shirya wa ɗalibai kan dokar tambarin kasuwanci. Za a ba ta lambar yabo a Riyad. Umminta ma ba ta gama guɗa a falo ba.

"Dalal ta kai wa Abuya rubutun," in ji Muhannad, yana nufin mahaifinsa. "Ta fassara masa daga Turanci. Ta ce kin kira shi ɓarawo a idon duniya."

"Ni? Ko sunansa ban ambata ba!"

"Wa zai karanta bai gane ba, Nuf? Duk Makka akwai yaji biyu masu sunan tsohuwa?"

Gaskiya ya faɗa, don a kan rikicin sunan Yajin Mujahida ta yi rubutun.

Mujahida kakarta ce, mahaifiyar babanta Kabo. A unguwar Hindawiyya ta Makka ta fara daka yajin tsire tana ƙullawa a leda, har ya zamana mahajjata ba sa komawa gida sai da Yajin Mujahida. Da ta rasu, Kabo da amininsa Muttaka, mahaifin Muhannad, suka ci gaba tare. Daga baya suka raba gari. Muttaka ya buɗe masana'anta a unguwar Ka'akiyya, ya yi wa sunan rajista shi kaɗai, Kabo kuwa ya koma sayar da yajin uwarsa a kwalba marar suna. Da ƙyar da roƙon dattawa aka samu suka yarda da auren 'ya'yansu.

Dalal kuwa 'yar ƙanwar Muttaka ce, tun suna yara take ganin Muhannad nata ne.

"Abuya ya ce ko ki janye, ko a fasa..."

"Kai fa? Me ka ce?"

"Ni ke nake so, ba lamba ba."

"Ka karanta rubutun?"

Ya fara kame-kame.

"Muhannad, ka karanta?"

"Ban samu lokaci ba..."

Ta kashe wayar.

Ta zari abaya ta fita, ta tsayar da tasi zuwa shagon mahaifinta. Tana tunanin ko duniya za ta juya mata baya, shi zai tsaya mata. Ta same shi yana auna citta, fuskar nan a murtuke. Ashe Dalal ba gida ɗaya ta kai saƙo ba.

"Ni ne mai sakaci ko?" Bai ko ɗago ba. "An ce kin rubuta wai ɗan tsohuwar ya yi barci har aka ɗauke sunan uwarsa."

"Baba, ba haka na nufa ba..."

"Na sa ki makaranta ki tona min asiri? Halas, magana ta ƙare, tafi gida!"

Ta koma cikin tasi tana kuka a ƙarƙashin niƙabi, direban yana ta satar kallonta ta madubi.

Kwanakin da suka biyo baya ba ta san yadda suka wuce ba. Ta ɗauki waya, ta ajiye. Ta buɗe saƙon janyewa ta rubuta layi ɗaya, ta goge. Ta hau bene ta sauko. Abinci ya ƙi shiga. Kayan lefen da aka fara kawowa suna jibge a kusurwar ɗaki, ba ta iya kallonsu. Muhannad bai kira ba, ita ma zuciya ta hana ta.

Sai ga saƙon Dalal: "Mabruk ya daktora! Lambar za ta ɗebe miki kewa."

Nuf ta yi jifa da wayar kan katifa.

"Ki janye mana 'yar nan," in ji Ummi tana shafa mata kai. "Miji irin Muhannad ba kullum ake samu ba."

"Ummi, in na janye na yarda ƙarya na rubuta. Kuma ba ƙarya ba ce. Ina son sa kamar raina... amma ba zan shiga gidansa da kaina a ƙasa ba."

Ranar Alhamis bayan la'asar aka buga ƙofa. Muhannad ne, idanunsa jawur, gemu ba gyara.

"Na karanta," ya ce tun daga bakin ƙofa. "Daga farko har ƙarshe. Sannan na zaunar da Abuya na fassara masa duka, ba shafin da Dalal ta zaɓa ba."

"Sai yanzu?"

"Na yi laifi, ya ruhi. Na ji tsoro ne kada in rasa ki, sai na nemi ki rasa kanki. Ki yafe min."

Ta juya masa baya don kada ya ga hawayenta.

"Abuya yana son ganinki. Ke da babanki, Ammi Kabo. Yanzu."

Ummi ce ta lallashi Kabo har ya shiga motar Muhannad, suka nufi Ka'akiyya. Ƙamshin barkono da ƙuli-ƙuli ya tarbe su tun daga ƙofar masana'antar. Muttaka na zaune a ofis, bai miƙe ba.

"Ke ce lauyar? To faɗa min a gaban ubanki. Na yi sata?"

Nuf ta ɗaga kai.

"A takarda, Ammi, sunan naka ne. Kai ka yi rajista, kai ka kai shi Jidda da Madina, ba mai musun wahalarka."

Kabo ya yi tsaki.

"Amma duk wanda ya sayi kwalbar nan, hannun kakata yake tunawa. Kuma ɗanta yana tsoron rubuta sunan uwarsa a ƙofar shagonsa. Wannan ba daidai ba ne, ko da kotu ta ce daidai ne."

"Ni na ce kada ya rubuta?" Muttaka ya daka tsawa. "Shi ya yi fushi ya tafi! Ya taɓa zuwa ya tambaye ni?"

"In roƙe ka sunan uwata?" Kabo ya miƙe tsaye.

"Ba roƙo, Baba," Nuf ta shiga tsakaninsu. "Abin da na rubuta a ƙarshe ke nan. Mutum biyu za su iya mallakar suna ɗaya. A mayar da rajistar ta ku biyu, kowa da haƙƙinsa a rubuce."

"In na ƙi fa?" in ji Muttaka. "In na ce babu aure?"

Ta dubi Muhannad, hawaye ya zubo mata.

"Zan yi kuka, Ammi. Zan daɗe ina yi. Amma zan je Riyad."

"Ni zan kai ta," Muhannad ya ce, ya matso ya tsaya kusa da ita. "Ka yafe min Abuya, amma ba ni da wata matar sai ita."

Muttaka ya daɗe yana kallon Nuf, sannan ya juya ga tsohon amininsa.

"Kabo, wannan 'yar taka masifa ce. Gara ta zama lauyar gidana da ta zama ta abokin gabata." Ya ja numfashi. "Ki rubuta takardar, mu sa hannu. In ubanki ya yarda."

Kabo ya goge ido da gefen rawaninsa, wai barkono ne ya shige shi.

"Na yarda. Amma yajinka gishiri ya yi masa yawa."

Dalal ba ta zo biki ba, aka ce kanta ke ciwo. An matso da ɗaurin aure kafin ranar karɓar lambar, don Muttaka ya rantse a matsayin surukarsa za a kira ta a gaban jama'a, kuma yana wurin.

A hanyar filin jirgin Jidda, za su tafi Riyad, tsofaffin biyu suna kujerar baya suna ta musu kan sunan wa zai fara zuwa a sabuwar rajistar.

"Nuf, faɗa masa abin da doka ta ce!"

"A'a, ni za ta faɗa wa, 'yata ce!"

Muhannad ya kamo hannunta a hankali, idonsa na kan titi.

"Amaryata, me doka ta ce?"

Ta kwantar da kai jikin kujera tana dariya.

"Lauya tana hutun amarci. Su dawo bayan wata guda."